Tizon ko Mbalang? Ka kai Baba Tizon

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaye ni wanne za ku kai Baba cikin tafkunan nan biyu da ke kusa da garin Ngaundare a Kamaru, Tizon ko Mbalang. Tizon za ku je. Na faɗa maka tun da fari don kada ka ce na ja ka da dogon zance. Tunda daga Garwa za ku taso, yini ɗaya kacal gare ku a Ngaundare, ga Baba ga yara, kuma ɗan tattaki mai sauƙi a bakin tafki kuke nema, to Mbalang ka ajiye shi sai ranar da ka zo da samari 'yan uwanka.

Na taka duka biyun da ƙafata. Tizon kam na daina ƙirga zuwana. Mbalang sau ɗaya na je, kuma har yau in na tuna kuɗin da na kashe a kansa sai in ji wani abu ya tsaya mini a wuya.

Zuwan da ya fi zama mini a rai shi ne wanda na kai Hajiyarmu. Ta zo mana daga Garwa cikin hunturu, gwiwa na damunta, kullum tana ɗaki da bargo tana cewa wannan gari naku ba na mutane ba ne, na aljanu ne masu son sanyi. Da ƙyar na shawo kanta ta shiga mota, bisa sharaɗin ba za ta sauka ba. Muka bi hanyar Maiganga, muka bar kwalta muka kama hanyar ƙasa mai hawa, kafin shayin da ke cikin filas ya huce mun iso. Yara suka ruga gaba, sai ihunsu muka ji. Ita da ta ce ba za ta sauka ba, sai ga ta ta dafa kafaɗata, taku ɗai-ɗai, har muka kai baki. Ta leƙa ƙasa ta ga ruwa kwance a cikin rami kamar an zuba shi a ƙwarya, itatuwa sun kewaye shi, ba igiya ba motsi. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta ce a shimfiɗa mata darduma za ta yi walaha. Da ta idar ta sha shayi kofi biyu, ta ci kilishi, ta tambayi wani Bafulatani da ke kiwo a gefen tudun ko shanunsa na sauka su sha. Hira ta ɓarke tsakaninsu da Fulatanci, mu muka zama 'yan kallo. A hanyar komawa ba ta ambaci gwiwa ko sau ɗaya ba.

Dattijon da ba ya iya doguwar tafiya yana samun kallon duka daga sama ba tare da ya sha wuya ba, mai ƙarfi kuma ya zagaya. Shi ya sa nake cewa na Baba ne. Kowa zai samu daidai ƙarfinsa a wuri ɗaya, babu wanda za a bari a mota yana jiran wasu.

Tafkin ƙarami ne, faɗinsa bai wuce mita 300 ba. Yana kudu da gari, tazarar kilomita 8 zuwa 10, a tsayin wajen mita 1,160 daga matakin teku. Ku da kuka saba da kwarin Binuwai, inda Garwa take ƙasa da mita 300, tun daga hawan falez, wato babban hawan dutsen da ke kan hanya kafin a iso Ngaundare, za ku ji iska ta canja. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, shi ya sa mutumin Garwa ke neman rigar sanyi a inda mu muke yawo da 'yar shara. Ku taho wa Baba da rigar sanyi da hula mai rufe kunne, safiya a kan tudun nan ba ta da kunya.

Zagayen kansa, saurayi zai gama shi cikin ƙasa da awa ɗaya. Da yara da tsaye-tsayen ɗaukar hoto ka ba shi awa ɗaya da rabi. 'Yar siririyar hanya ce irin wadda ƙafa ta fitar, wani wuri a hau wani wuri a gangara, akwai tsakuwa mai zamewa a wuraren gangara. In ka juya wa tafkin baya kuma sai ka ga fili ya buɗe, tuddan Adamawa jere har iya ganinka. Ni wannan ɓangaren na fi so, na kan zauna a nan fiye da yadda nake zama ina kallon ruwan. Mutane na cewa ruwan na canja launi. Ni dai na gan shi kore da safe, na gan shi ya yi duhu in hadari ya taso, sauran bayanin na bar wa masu ba da labari.

Yaran za su tambaye ka ina ƙanƙara, domin sun ga hotunan tafkunan Suwizalan a waya. Ka ce musu na can ƙanƙara ce ta ƙwaƙule duwatsu ta bar ramuka, namu kuwa wuta ce ta haƙa. Narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya gamu da ruwan da ke kwance a ciki, ruwan ya zama tururi nan take, ƙasa ta fashe ta bar rami mai zagaye. Abin da ya watso ya taru a gefe ya zama tudun da za ku tsaya a kai. Daga baya ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suka cika ramin. Shi ya sa ba za ka ga kogi na shiga ba.

Kuma shi ya sa ba a wasa da bakinsa. Wannan ɗan tafkin da kake rainawa zurfinsa ya kai mita 48, wato ka ɗora bene mai hawa goma sha biyar a ciki ya nutse. Ba irin gaɓar Binuwai ba ce ta rani da yaro zai taka yashi ruwa na kai masa idon sawu. Nan taku kaɗan ne ƙasa ta ƙare. Kada yaro ya sauka bakin ruwa ba hannunsa cikin na babba, wanka kuwa ko da wasa. In Baba ya tashi alwala, da ruwan da kuka taho da shi zai yi.

Na san wani a gida zai ɗauko maganar Nyos don ya hana tafiyar, domin ni ma an ɗauko mini. Gaskiya ne abin ya faru: daren 21 ga Agusta 1986 iskar gas ta taso daga ƙasan tafkin Nyos ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi masu yawa, kafin nan a 1984 tafkin Monun ya kashe mutum 37. Amma Nyos yana can jihar Arewa maso Yamma, Monun a jihar Yamma, nesa da mu ƙwarai, kuma zurfin Nyos ya kai wajen mita 200, ya ninka na Tizon sau huɗu. Abin tsoro na gaske a Tizon shi ne santsi da yaro mai rawar kai.

Mbalang kuma, to, ya fi girma, wannan ba zan hana shi ba. Faɗin ruwansa ya kai rabin murabba'in kilomita, ya ninka Tizon wajen sau shida, zurfinsa mita 52, yana gabas da gari kamar kilomita 15 in an miƙe, a hanya kuwa ya fi haka. Masana sun haƙo lakar ƙasansa sun karanta tarihin ciyayi da itatuwan yankin na shekara 7,000 a ciki. Madalla da su. Ni abin da na karanta a can shi ne rana a tsakiyar ka, fili fetal, da zagaye mai tsawon da yaro ɗan shekara shida zai ce a goya shi tun ba a yi rabi ba. Hanyar ce ke cinye yinin. Wanda ke son shiru da kaɗaici zai ji daɗinsa, amma dattijo da ƙananan yara wahala kawai za su kwaso.

Ba ka tambaye ni ba, amma sai na faɗa maka, domin a tafiyar Mbalang ɗin nan aka yi mini wanka ba sabulu har sau biyu.

Na farko takalmi. Ana gobe tafiya na shiga kasuwa, wani yaro mai zaƙin baki ya ɗauko mini wani ƙaton takalmi mai wuya, sabo fil a kwali, da tambarin wani babban kamfani a gefe, ya rantse mini irinsa Turawa ke hawan dutse da shi. Jaka goma sha biyu na ba shi ina murna na yi ciniki. Kafin mu kai rabin tafkin tafin ƙafar dama ya buɗe baki kamar kada. Ashe gam ne kawai aka shafa, zanen ɗinkin da ke gefe ma na roba ne aka kwaikwaya. Da igiyar ɗaure kaya ta mai moto, wato mai babur ɗin haya, na ɗaure shi na ƙarasa, ga kanta ta fito mini a dunduniya biyu. Da na mayar masa washegari sai ya ce ai ni na taka shi da ƙarfi. Yanzu wani tsohon kambas nake sawa da na tsinta a gwanjo da kuɗin da bai kai rabin wancan ba, shekara huɗu ke nan, ya zagaya Tizon ya fi a ƙirga. Don Tizon ba kwa bukatar sayen komai. Duk takalmin da ƙafa ta saba da shi, mai rufi, mai zane a tafinsa, ya wadatar. Silifas ne dai ban yarda ba, haka ma takalmin Juma'a mai santsin ƙasa, ka lallashi Baba ya bar shi a masauki. In kuma dole sai ka saya, ka lanƙwasa shi da hannu biyu ka duba inda tafi ya haɗu da fata. In ka ga ya fara buɗewa ko warin gam ya buge ka, ajiye masa kayansa. Ka gwada da safa, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma kada ranar tafiya ta zama ranar farko da za ka sa shi.

Na biyu mai moto. Mun yi ciniki a gari, na ɗauka zuwa da dawowa ne. Da muka gama yawo rana ta karkata, sai ya ce ai kuɗin zuwa na biya, na komawa daban, na jira ma daban. A dajin da ba wani abin hawa, da wa za ka yi gardama? Na biya. Saboda haka ko mota za ku ɗauka shata ko moto, a faɗi komai a fili tun a gari: zuwa, jira na awa kaza, dawowa. Ka ba da rabi, sauran sai an sauke ku a ƙofar masauki. Ku da kuke da Baba ma ku bar maganar moto, ku ɗauki mota.

Akwai kuma masu tarar baƙo a bakin tashar jirgin ƙasa ko a tashar mota, su ce su jagorori ne, su haɗa maka Tizon da Mbalang da gangaren ruwan Tello duk a yini ɗaya kan kuɗi dunƙule. Tello kaɗai ya kai kilomita 50 daga gari. Abin da zai faru shi ne ku yini a mota kuna shan ƙura, ko'ina minti goma a ce ku taso. Tizon ba ya bukatar jagora, tafkin na gabanka duk inda ka juya, mutum ba ya ɓata. In wani ya nemi kuɗin shiga, ka tambayi tikiti cikin ladabi. In yaran wurin suka raka ku suka nuna muku hanya mai sauƙin sauka, ka ba su na goro da daɗin rai, wannan daban ne.

Lokaci kuma, in da zaɓi, Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi. Ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, ciyawa ba ta gama ƙonewa ba. Daga Janairu hazo na rufe nesa, ana kuma ƙunar daji, tuddan sai su yi baƙi. Damina a nan doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba, wurin na yin kyau sosai amma jar ƙasar nan in ta jiƙe sabulu ce, hadari kuma yakan taso da rana ba sallama. Kowane wata kuka zo dai ku fita bayan kun karya, ƙarfe bakwai da rabi ko takwas, ku taho da ruwan sha lita ɗaya ga kowane mutum, da tabarma, da buta, da leda ta kwashe shararku. Katin shaida ya kasance a aljihu saboda shingen jandarmomi.

Kafin azahar kun dawo gari. Baba ya yi salla a babban masallaci kusa da fadar Lamido, ya ɗan kishingiɗa. In da sauran ƙarfi bayan la'asar, gangaren ruwan Vina na kan wannan hanya ta Maiganga, kamar kilomita 15 daga gari, ba ya bukatar wata tafiyar ƙafa mai yawa. Dutsen Ngaundare mai cibiya a ka, wanda garin ya ci sunansa da harshen Mbum, ku nuna wa yara shi daga ƙasa kawai, hawansa ba na gwiwar Baba ba ne.

Ka gaishe mini da shi, ka ce masa shayin bakin tafki a wuyana yake in kun sanar da ni ranar. Filas ɗin da Hajiya ta sha a ciki na nan.