Wili 17x9 mai ofset -12: ya yi kyau a tsaye, ya ci min taya a kwana

Wilin kansa ba ni da ƙorafi a kansa. Ƙirar ta yi, fentin bai kwarzane ba, kuma ya zauna wa Hilux ɗina ɗas. Mai sayarwa ne ya ɓata min rai.

Na so in tashi daga tayar kamfani, 265/65R17, in koma 285/70R17, wadda ake kira inci 33 ko da yake ba ta cika ba. A kan wilin asali gefen babbar tayar yana matsowa dab da ƙarfen sama mai riƙe da ƙafar gaba, don wilin ya nutse ciki sosai. Maganin shi ne a rage zurfin bayan wili. Kife shi ake yi, a gicciya miƙaƙƙen ƙarfe a bakinsa, a auna zuwa fuskar da ake ɗaurewa da noti. Zurfin na raguwa, taya na fitowa waje. Wannan wilin mai faɗin inci 9, zurfinsa inci 4.5 ne. Ofset -12 kuwa na nufin fuskar notin ta matsa milimita 12 daga tsakiyar wilin zuwa bayansa, shi ya sa yake turo taya waje. Na tambayi mai sayarwar ƙarara ko zai goga, ya ce, "Malam, ɗaura kawai, babu inda zai taɓa."

A kan kwalta kam lafiya lau, har na fara yi masa talla wajen abokai. Sai da na shiga daji. Ina gangarawa wani kwazazzabo, sitiyari a karye har ƙarshe, ƙafar hagu ta hau dutse ta danne sama, sai na ji ƙwarrr kamar ana yaga kwano. Na sauko na leƙa. Robar cikin madugadi ta yage tana reto. Kujerar da bodi ke zaune a kanta, can bayan tayar, an kankare mata fenti har ƙarfe yana ƙyalli, ga haƙoran gefen sabuwar tayata a guntule. Sabuwa fil, ko gashin robarta bai gama zubewa ba!

Bakanikena ne ya yi min bayani dalla-dalla. Idan taya ta yi nisa da inda ƙafar ke juyawa, zagayen da take yi in an karya sitiyari yana ƙara faɗi, sai gefenta na waje ya cimma bamba ta gaba da kujerar bodi ta baya. Wato an raba ta da ƙarfen ciki, an kai ta ga na waje. Na ce to a ƙara ɗaga motar mana. Ya ce ɗagawa tsayuwa kawai take gyarawa, in ƙafa ta danne har ƙarshe inda take kaiwa da can nan za ta kai. Dole aka yanke gefen kujerar aka yi walda, aka cire robar tare laka, aka gasa abin da ya rage na robar ciki aka tura shi baya.

Da na kira mai sayarwa, wai ai kowa yankewa yake yi. To me ya hana ka faɗa kafin ka karɓi kuɗi?

Yanzu dai ba ta gogawa, kuma ba zan ɓoye ba, motar ta fi tsayuwa a gefen tudu, ƙafafunta sun buɗe. Har na so in ba shi tauraro huɗu. Amma in ruwa ya sauka laka har madubi take kaiwa, hannun ƙofa ba ya taɓuwa. Sitiyari yana fizga in an daki rami, abin da ba ya yi da. Bakanike kuma ya ce in riƙa sa kunne ga boris, don nauyi ya koma gefe. Da 17x8.5 mai ofset 0 mai sayarwar ya ba ni, zurfi inci 4.75, da tayar ba ta fito haka ba. Uku ya samu.

Wanda zai saya, a ɗaura masa ɗaya a gaba tukuna, ya hau tudu da ƙafa ɗaya, ya karya sitiyari hagu da dama, sannan ya biya. Kuma ya buɗe kwalin a gabansa, don nawa ba noti ya zo. Notin kamfani mai washa ne, gindinsa a baje, wilin nan kuwa mai tsinin gindi yake so, sai da na sake fita neman guda 24.