Tada kwamfutar shago daga nesa: abin da na gani a Maradi

Ni ke riƙe da lissafin wani shagon sarin kayan masarufi kusa da babbar kasuwar Maradi, kuma duk bashin da muke bin 'yan kasuwar Tasawa, Dakoro da Gidan Rumji yana cikin kwamfutar tebur guda ɗaya. In na fita karɓar kuɗi, Alhaji yakan kira: "Malam, nawa ya rage wa mutanen Dakoro?" Sai in ce ya jira in dawo. Barin kwamfutar a kunne dare da rana kuwa ba zai yiwu ba. Zafin Afrilu yana sa fankarta ta yi ta gurnani, ƙurar hunturu tana cika mata ciki, ga kuɗin wuta. Shi ya sa na ɗora hanyar da ake kira Wake-on-LAN, wadda ke tada kwamfuta da saƙo ta kebul ɗin intanet.

Dabarar tsohuwa ce, AMD da HP suka fito da ita a 1995. Ko an kashe kwamfuta, muddin filoginta na jikin bango, katin sadarwarta yana shan 'yar wuta yana saurare. Saƙon da yake jira ɗan ƙarami ne, bayit 102 kacal: alamar FF sau 6, sannan lambar MAC, wato lambar shaidar katin, sau 16. Da ya ji lambarsa sai ya tada sauran na'urar. A wannan matakin ba a sayen komai. Ana buɗe wa abin hanya a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, a buɗe a saitin katin cikin Windows, a kashe saurin tashi da Windows ya zo da shi tun daga na 8, don yakan hana tashin. In BIOS ɗin na da saitin tsimin wuta mai suna ErP shi ma a kashe, saboda yana yanke 'yar wutar da katin ke rayuwa da ita. Alamar an dace ita ce, bayan ka kashe kwamfutar ka leƙa bayanta, ka ga ƙaramar fitilar ramin kebul ɗin intanet tana ƙyaftawa.

A cikin shago abin ya burge ni ƙwarai. Na danna a wayar hannu, kafin in ajiye ta fanka ta fara juyawa. Amma ai wanda ke cikin shago yana iya miƙa yatsa ya danna da kansa. Daga waje ake son ta, kuma a nan aikin yake.

Saƙon tayarwa shela ce da ake yi wa duk na'urorin da ke cikin gida ɗaya, kamar sanƙira a tsakar unguwa, ba ta ƙetare rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ta fita ko ta shigo. Masu intanet na kebul a ƙasashen waje sukan buɗe ƙofa a rauta su wuce. Mu kuwa da rautar 4G mai layin waya muke aiki, kuma a irin wannan rezo mutane da yawa ne ke tarayya a adireshi ɗaya, don haka babu ƙofar da za ka buɗe. Ɗan yayana da ke gyaran na'urori shi ya warware. Ya ce, "Kawu, sai an samu wani abu da ba ya barci a cikin shagon, shi zai yi kiran." Ya kawo Raspberry Pi, kwamfuta mai girman tafin hannu da ba ta shan wuta sosai, ya haɗa ta da rautar, ya sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urori daga nesa, a jikinta da wayata. Yanzu daga Tasawa nakan shiga ƙaramar, ita ta tada babbar, sannan in buɗe allon da AnyDesk, manhajar ganin allon kwamfuta daga nesa, in karanta wa Alhaji lissafinsa. In rezo ya yi rauni allon yana tafiya da ƙyar, amma tayarwar kanta ba ta buƙatar rezo mai ƙarfi, saƙon bai kai layi biyu na rubutu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɗauke wuta. Kwamfutoci da yawa, har da tamu, in wuta ta yanke gaba ɗaya katin yakan mance cewa jira yake, ko wutar ta dawo ba ya amsawa sai an kunna da hannu sau ɗaya. A garin da wuta ke zuwa tana komawa lokacin zafi, wannan babban gibi ne. Akwai saiti a BIOS da ke sa kwamfuta ta tashi da kanta duk lokacin da wuta ta dawo, na gwada, ban so ba. Wutar takan dawo da ƙarfi ko ta yi ta walƙiya, ita kuma na'urar ta tashi ta faɗi, kuma lissafin shekaru ne a cikinta. Na gwammace mu sayi na'urar ajiye wuta mu jona kwamfutar da rautar da ƙaramar a kai. Tun da kwamfutar a kashe take, batirin yana daɗewa fiye da yadda na zata. Kuɗin da aka kashe na gaske a nan ya tafi, jikkuna masu dama.

Wani abu kuma da ya kamata a sani: saƙon ba ya tambayar kalmar sirri. Duk wanda ke kan wifi ɗin shago kuma ya san lambar katin zai iya tada ta. Tashi kawai za ta yi, ba zai ga komai ba in akwai kalmar sirri mai ƙarfi a Windows, amma na daina ba yaran shago da maƙwabta wifi ɗin da kwamfutar ke kai.

Mai kwamfutar tebur da kebul ɗin intanet a jone, wanda ke yawan fita ƙauyuka, zai ji daɗinta in zai iya sayen batirin. Mai laftof da ke kan wifi kada ya wahalar da kansa, yawancinsu ba sa amsa kiran in an kashe su gaba ɗaya, gara ya sa ta a jaka ya tafi da ita.