Koha: ina littafi yake bayan an dawo da shi?

Duk wanda ya taɓa zama a teburin aro na laburare ya san wahalar ba a ba da littafi take ba, a karɓarsa take. Mai karatu zai duba kwamfuta ya ga an ce littafi na nan, ya je kanta ya yi ta lalube babu, alhali yana can kan keken tura littattafai ba a kai ga jera shi ba. Ni da wannan nake auna manhajar tafiyar da laburare, kuma gaskiya manhajar Koha ta yi ƙoƙari.

Tun 1999 aka fara ta a Niyu Zilan, kyauta ce, kowa na iya saukewa ya gyara. Kowane kwafi ana rubuta masa reshen da ya mallake shi, da reshen da yake a yanzu, da wurin ajiyarsa wato ko sashen yara ko na bincike ko sito, to da ka ɗora masa na'urar karanta bakod a tebur sai allo ya gaya maka, idan na wani reshe ne ya ce a tura shi gida, idan wani na jiransa ya ce a ajiye masa kar ya koma kanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne CART. Za ka saita ta yadda duk littafin da aka dawo da shi wurinsa zai canza na ɗan lokaci zuwa "yana kan keke", Koha kuma ba ta manta ainihin kantarsa ba, bayan awannin da ka zaɓa sai ya koma da kansa. Ƙaramin abu ne amma wallahi yana raba ma'aikaci da mai karatu musu. Akwai PROC ma na sabbin littattafan da ba a gama aikinsu ba.

Inda ban gamsu ba kuma, tsarin nata ya fi ƙarfi a matakin reshe. Dokokin aro suna bin reshe da rukunin mai aro da nau'in littafi ne, ba sa bin kanta, don haka in kana so littattafan wani sashe su zama na kwana ɗaya sai ka ƙirƙira musu nau'i daban. A FOLIO kuwa, wata manhajar laburare ce ita ma, kowane wurin ajiya ana ɗaura shi da teburinsa kai tsaye, har da babban tebur guda, ka dawo da littafi a teburin da ba nasa ba nan take zai nuna yana kan hanya.

Laburare mai tebur ɗaya ko rassa kaɗan Koha ta ishe shi har da sauran canji. Amma gini ɗaya mai tebura uku ko huɗu, kowanne da kantocinsa, a gwada FOLIO tukuna kafin a yanke shawara.