Injin da ba ya mutuwa a silo shi ne nawa

Jama'a tunda kullum sai an tambaye ni wane inji na fi so a cikin injinan ƙananan jiragen nan namu na rimot, bari yau in faɗi abin da ke raina, wanda ban ambaci nasa ba ya yi haƙuri. Ni dai ba ƙarfi nake fara dubawa ba, na daɗe da wuce wannan wurin. Abin da nake tambaya shi ne, idan na rage totur na juyo da jirgi zan sauka, saura mita biyu ko uku ya taɓa ƙasa, sai iska ta kaɗa shi na ga dole in fasa saukar, na tura totur gaba ɗaya, shin injin zai amsa nan take ko kuwa zai yi tari sau biyu ya ɗauke? Duk injin da ya ci wannan jarrabawar nawa ne, ko da bai fi keken ɗinki ƙarfi ba.

To a kan wannan ma'aunin babu wanda ya kai O.S. 46AX a wurina. Kamfanin O.S. na Japan ne, a Osaka yake, Shigeo Ogawa ya kafa shi tun 1936, wato ba jiya suka fara ba kuma abin yana nunawa a aikinsu. Shi 46 ɗin nan da kuke gani a sunan girman cikin silinda ne, wato 0.46 a awon inci, in ka mayar da shi cc bai wuce bakwai da rabi ba, mai bugu biyu ne, wato two-stroke, boris biyu ke riƙe da karanshaf ɗinsa, kuma fistin ɗinsa ba ringi. Nakan sa masa farfela 11x6, wato tsawonta inci 11 karkatar fukafukinta 6, wani lokaci 10x7 idan ina son gudu, da fulogi lamba 8 nasu, da man metanol, wato man da irin waɗannan injinan ke sha, mai sinadarin ƙarin ƙarfi na naitiro kashi 10 cikin ɗari. Shi ke nan fa. Na saita allurar silo, wato wadda ke daidaita yawan man da kafireta ke ba inji in an rage totur, sau ɗaya tun yana sabo, daga nan ban sake kai mata sukundireba ba sai dai babbar allura da nake ɗan murɗawa danni ɗaya ko biyu idan yanayi ya canza, in an yi sanyi in ƙara masa mai, in an yi zafi in ɗan rage. Kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba sai ranar da farfela ta sumbaci yatsansa, allurar an karkatar da ita baya nesa da farfela, kana saiti hankalinka kwance.

Yadda yake tashi ma abin sha'awa ne. Ka toshe bakin kafireta da yatsa ka juya farfela sau uku huɗu har ka ga mai ya biyo tiyo ya iso, ka maƙala masa batirin fulogi, ka taɓa shi da sitata, kafin ka ƙirga biyu ya kama. Ka cire batirin ya ci gaba da ci abinsa, domin ita wayar da ke cikin fulogin tana da filatinom, in tururin metanol ya taɓa ta sai ta ci gaba da yin ja da kanta ba tare da wuta daga waje ba. Wannan dabarar tun ƙarshen shekarun 1940 ake amfani da ita kuma har yau in na tsaya na yi tunani abin yana burge ni, inji ba koyil ba batir ba waya amma yana ta zuba gudu sama da dubu goma sha biyu a minti.

Ƙanensa kuma, wato jerin LA na O.S. masu launin shuɗin nan, mutane suna raina su don ba su da boris, bushin ne, kuma kafiretarsu mai sauƙi ce. Gaskiya ba su kai AX ƙarfi ba, wannan ba gardama. Amma ga mai koyo a jirgin horo mai fukafuki a sama ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan, ba nauyi, ba boris ɗin da zai yi tsatsa, sai dai suna son mai da yake da man kasto, wato man zurma, a ciki sosai.

Abin da ya sa nake nanata maganar silo, na sha wuya ne. Akwai wani inji da na taɓa saya, ba zan kama suna ba, irin waɗanda ake kwaikwayon na manyan kamfanoni ne, a ido kamar ka sace don kyau. A benci yana ihu kamar zai tsage, har na fara cika baki. Amma da zarar ka dawo da shi silo sai ya yi ta hawa da sauka kamar mai haki, ka ƙara mai ya shaƙe, ka rage ya mutu, babu tsaka-tsaki. Na canza fulogi, na canza tiyo, na fito da tanki na duba, na ɗaga shi na sauke shi, wata guda ina abu ɗaya. Ashe iska yake sha ta wuyan kafireta, robar da ke wurin ba ta zauna ba, sai da wani dattijo a filin da muke tashi ya ɗiga mai a wurin ya juya farfela muka ga kumfa na fitowa. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ba allura ce matsalarka ba, ƙofa ka bari a buɗe kana neman maganin sanyi." Na ce Baba ai ni da na sani da ban wahala ba. Na liƙe wurin ya ɗan gyaru, amma kafin nan ya riga ya mutu min a sama sau uku, na ukun kuwa iska na bayana, jirgin ya wuce fili ya shiga ciyawa, ƙafar gaba ta lanƙwashe, fiffike ɗaya ya tsage. Tun ranar na daina sayen inji da ido.

Amma fa in gaskiya za a bi, kaina yana wurin O.S., zuciyata kuwa tana wurin Saito. Su ma 'yan Japan ne kuma sun fi shahara a injin mai bugu huɗu, wanda yake da bawul da tafet kamar na mota sak, sai dai duk ya shige tafin hannu. O.S. ne suka fara fito da irin wannan injin kasuwa da yawa, FS-60 a 1976, amma sautin Saito daban ne wallahi. Nawa FA-82 ne, wajen cc 14, na ɗora shi a jirgi mai kamannin Piper Cub, wani ƙaramin jirgin gaske na Amurka, da farfela 14x6, idan ya zo wucewa ƙasa-ƙasa a rabin totur yana wannan fat-fat-fat ɗin a natse, ko wanda bai san komai a harkar ba sai ya ɗaga kai. Mai bugu biyu kuka yake kamar sauro a kunne, wannan kuwa magana yake. Kuma yana juya babbar farfela a hankali, gudunsa bai cika wuce dubu tara zuwa goma ba, sai ka ga jirgi yana hawa kamar ana jansa da igiya, ga shi ba ya shan mai kamar mai bugu biyu. Wani abin da nake so a ƙirarsu, kan silinda da silindar a haɗe suke guda ɗaya, babu gaskit ɗin kai da zai zo yana yoyo.

Sai dai Saito ba na malalaci ba ne. Dole lokaci-lokaci ka buɗe 'yan murafun nan biyu na sama, inji a sanyaye, ka auna tazarar tafet da ɗan siririn ƙarfen awo, tazarar ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kaurin takarda, in ta yi yawa ƙarfi ya ragu in ta yi kaɗan bawul ba zai rufe ba. Ni kam ina jin daɗin wannan aikin da daddare, amma na san waɗanda yake ba su haushi. Na biyu, kunne ba ya isa wurin saita shi. Mai bugu biyu in ka matse allura za ka ji muryarsa ta canza, shi wannan kusan ba ka ji, sai da na'urar auna gudu, ka kai shi ƙololuwa sannan ka buɗe allura ya sauka da ɗari biyu ko uku ka bar shi a nan. In ka yi rowar mai ka matse da yawa, duk mai bugu huɗu haka yake, sai ya yi tutsu ya buga baya ya kwance farfela, shi ya sa ake ɗaure ta da noti biyu kuma ba a tsayawa a gabansa ko a gefen farfela. Kuma yana son naitiro, kashi 15 ko sama da haka ya fi yi masa daɗi, silonsa ya fi zama.

YS kuma, na kamfanin Yamada na Japan, wannan wani aji ne. Injinsu na bugu huɗu yana amfani da matsin cikin akwatin karanshaf yana cusa wa silinda ƙarin iska da mai, tankin ma a matse yake da iska, shi ya sa 'yan gasar F3A, wato gasar wasan juyi da jiragen rimot, suka daɗe suna rububinsa. Ƙarfi kam ba a magana, totur kamar ya san abin da ke ranka. Amma in ka manta ba ka saki iskar tanki ba ka cire tiyo, wankan mai za ka yi. Ina girmama shi daga nesa, ba irin rayuwata ba ce.

Kamfanin Enya na Japan ma a ba su haƙƙinsu. Tsofaffin injinansu masu fistin ƙarfe sai ka ƙona mai mai yawa kafin su saki jiki, amma in sun saki sai dai ka gaji ka ba wani.

Yanzu maganar fetur, domin na san masu manyan jirage suna jira. Duk jirgin da ya kai girman da zai buƙaci cc 20 zuwa sama, ni ban ga dalilin ci gaba da ƙona metanol ba, shan mansa ya yi yawa kuma bayan kowane tashi sai ka goge maiƙo tun daga fiffike har wutsiya. DLE-20 na 'yan Chaina shi ne ya shigar da mutane da yawa harkar fetur, fetur ne kawai da baƙin man inji mai bugu biyu, kashi ɗaya cikin talatin, yana da fulogi na gaske mai tartsatsi da akwatin wuta da batirinsa daban, kafiretarsa kuma tana da famfo a ciki saboda haka ba ruwanta da inda ka ajiye tanki, saɓanin na metanol da sai tsakiyar tanki ta yi daidai da kafireta. Ƙaramin tanki ya ishe ka minti goma sha biyar har da canji. Abin da za ka kiyaye, tiyon silikon ɗin da ka saba da shi fetur na kumbura shi, sai ka canza tiyo da murfin tanki zuwa na fetur, sannan girgiza ta fi yawa, duk notin da ba ka sa wa gam ba zai gudu. Masu hali kuma suna hawa DA-50 na Desert Aircraft da ke Tucson a Arizona ta Amurka, na ga yana aiki a jirgin wasan juyi kuma ban ga abin kushewa ba. Injinan Zenoah na Japan na da nauyi amma masu maganeto ɗin nan ba ruwansu da batir, irin jakin nan ne da ba ya ciwo.

Masu lantarki kada ku ce na manta da ku, ina da guda biyu, ba datti ba hayaniya ba mutuwa a sama. Kawai dai in na dawo daga tashi da su ji nake kamar ban je ba.

Duk injin metanol da ka zaɓa, abu ɗaya ke cinye shi a ajiye, ruwa. Metanol yana jan laima daga iska, in ka bar ragowar mai a ciki sati biyu uku sai boris ya yi tsatsa, ka zo tayarwa ka ji yana ƙara kamar an zuba yashi. Ni in na gama tashin ƙarshe sai in zare tiyon mai inji na ci har ya mutu da kansa, in sake maƙala batir in juya shi har ya daina ko tari, sannan in ɗiga masa man ajiya ta kafireta in jujjuya farfela da hannu. Minti biyu ne. AX ɗina da boris ɗinsa na asali yake har yau.

Akwai kuma wani ɗan ƙarami da ba ya cikin lissafi amma ba zan iya rufe magana ban ambace shi ba, Cox .049 Babe Bee na Amurka, wanda ya fito tun shekarun 1950. Bai kai cc ɗaya ba, tankinsa a manne yake a bayansa, ba totur ba silo ba komai, wato duk ma'aunin da na kafa a sama ya rushe a kansa. Ka cika tanki, ka murɗa farfela baya a kan sifirin ɗinsa ka saki, ya kama da wani irin ihu kamar zuma ta fusata, wani lokaci ma ya tashi da baya saboda irin bawul ɗinsa na ɗan falle, sai ka jefa tsumma cikin farfela ka kashe ka sake. In ya kama daidai ka wurga jirgi, minti biyu mai ya ƙare, ka lallaɓo da shi ƙasa ba inji. Nawa yana cikin wani ɗan gwangwani a akwatin kayan aiki a naɗe da tsumma mai warin kasto, shekara ta fi uku ban ɗora shi a jirgi ba, amma duk 'yan watanni sai na ɗaure shi a katako na tayar.