Jirgin sama mai batir ko mai mai: wanne ya dace da mai saye a Yamai?

Duk wanda ke shirin sayen ƙaramin jirgin sama a Yamai, ko makarantar koyon tuƙi ce, ko ƙungiyar agaji mai kai magani cikin karkara, zai ji dillalai suna yabon jirgi mai aiki da wutar lantarki, suna cewa ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, kuma kuɗin tafiyar da shi kaɗan ne. Maganar tana da gaskiya, amma kafin a sa hannu a takarda ya kamata mai saye ya fara auna nisan da zai riƙa tafiya da kuma inda zai samo wutar caji.

Jirgin lantarki na farko da ya samu cikakkiyar takardar amincewa shi ne Velis Electro na kamfanin Pipistrel da ke Sulobeniya, wanda hukumar tsaron jiragen sama ta Turai ta amince da shi a watan Yunin 2020. Kujera biyu gare shi, kuma yana yin kimanin minti 50 a sama, ban da ɗan abin da ake ajiyewa saboda ko ta kwana. Wannan ya ishi malami da ɗalibi su tashi daga filin jirgin Diori Hamani, su yi ta zagaye suna koyon sauka da tashi, amma ba zai kai su Tahoua ba, wadda ke da nisan fiye da kilomita 350 ko da an bi ta sama kai tsaye, balle Agadas. Dalilin kuwa nauyi ne. Kilo ɗaya na man jirgi yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na batir sau arba'in ko fiye, kuma ko da yake injin lantarki ba ya ɓarnar ƙarfi kamar injin mai, ratar ba ta rufuwa. Ga shi jirgin mai yana rage nauyi yayin da yake ƙona man, shi kuwa mai batir da nauyin da ya tashi da shi yake sauka.

A ɗaya ɓangaren akwai tsoffin hannu irin su Cessna 172, mai kujera huɗu, wanda ke shan lita 30 zuwa 35 a awa, yana kuma iya yin awa huɗu a sama. Aibinsa shi ne man da ake kira 100LL, wanda ke ɗauke da gubar dalma, ga tsada, ga wuyar samu a ƙananan filaye. Tsakanin waɗannan biyu akwai zaɓin da ba a cika ambata ba, wato ƙananan jirage masu injin Rotax 912, waɗanda ke iya aiki da fetur mai kyau irin na mota maras dalma, suna shan kusan rabin abin da Cessna ke sha. A ganina, ga mai son ya rage hayaƙi kuma ya iya zuwa Dosso ko Birnin Ƙonni ya dawo, wannan ne ya fi hankali a yau.

Batun muhalli shi ne inda dillalai suka fi gaggawa. Jirgin batir ba ya fitar da hayaƙi a sama, amma tsabtarsa ta dogara ga abin da aka caja shi da shi. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, gauraye take: akwai wadda ake sayowa daga Najeriya, wadda aka ga yadda yankewarta a watan Agustan 2023 ta jefa Yamai cikin duhu, akwai ta injinan gazuwal, akwai kuma ta hasken rana daga tashar Gorou Banda mai megawat 30 da ta Malbaza a jihar Tahoua. Idan da janareta za a riƙa cajin jirgin, an ɗauke hayaƙin ne daga sama an ajiye shi a bayan rumfar jirgi. Wanda ya yi niyya da gaske sai ya haɗa kuɗin farantan sola da batiran ajiya cikin lissafinsa tun farko, tun da rana dai ba ta yi mana rowa ba.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura digiri 40, kwaltar filin jirgi tana turiri tun da hantsi, iska ta rage nauyi, fiffike kuma ya buƙaci doguwar tsere kafin ya ɗaga. Batirin litiyom yana saurin tsufa a irin wannan yanayi, ko da kuwa ana sanyaya shi da ruwa kamar na Velis. Don haka a nemi littafin jirgin a karanta iyakar zafin da aka yarda ya tashi a ciki, a kuma sa dillali ya rubuta farashin sabon batir da yawan awannin da tsohon zai yi kafin a canja shi. A tambaya kuma ko ANAC, hukumar sufurin sama ta Nijar, za ta yi wa jirgin rajista, da wane makaniki ne zai taɓa shi, domin jigilar batir zuwa Turai don gyara ba ƙaramin aiki ba ne.

Game da manyan jiragen fasinja masu lantarki, kada a ba da kafin alƙalami. Jirgin Alice na kamfanin Eviation tashin gwaji na minti 8 kawai ya yi a Satumban 2022, kamfanonin Jamus biyu kuma, Lilium da Volocopter, sun shiga halin karyewa a 2024.

Inda lantarki ya riga ya yi nasara shi ne jirage marasa matuƙi. Kamfanin Zipline yana kai jini da magani da su a Ruwanda tun 2016, a Gana tun 2019, daga baya kuma a jihar Kaduna. Ƙungiyar da kayanta ba su wuce kilo biyu na allurar rigakafi ko jakar jini ba, wadda damina ke yanke mata hanya zuwa ƙauyuka, wannan ya fi mata jirgi mai matuƙi, da sharaɗin ta fara samun izinin hukumomin tsaro da na sufurin sama kafin ta yi oda.