Allurar ceftriaxone: abin da na gani a ɗakin yara

Na shafe shekaru ina haɗa allurar ceftriaxone, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗakin yara na asibiti, musamman a lokacin zafi da sanƙarau ke tasowa, kuma a ganina magani ne nagari, sai dai an ɗauke shi tamkar wanda ya dace da kowa, alhali ba haka ba ne. Kamfanin Roche ne ya fara fitar da shi da sunan Rocephin a farkon shekarun 1980. Gari ne a ƴar kwalba, wanda idan aka zuba masa ruwan allura yakan narke ya koma ruwan ɗorawa.

Babbar falalarsa ita ce galibi sau ɗaya ake yin sa a rana, abin da ke sauƙaƙa wa uwar da ta taso daga ƙauye. Dalili kuwa shi ne, da zarar ya shiga jini, kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari nasa kan manne wa wani babban furotin mai suna albumin. Wanda ya manne ba ya kashe ƙwayar cuta; ɗan ragowar da ke yawo a sake shi ke yin aikin. Mannannen kuma kamar hatsi ne a rumbu, ana ɗibarsa kaɗan-kaɗan, ƙoda ba ta tace shi nan take, shi ya sa sai bayan kusan awa 8 rabin maganin ke barin jikin babban mutum.

A nan ne kuma damuwata take. Yaron da tamowa ta kumbura masa ƙafafu albumin ɗinsa ya yi ƙasa, don haka rumbun ya ƙanƙance, kuma maganin na iya fita da wuri kafin lokacin allura ta gaba.

Lamarin jarirai ya fi wannan tsanani. Sinadarin da ke sa idon mai ciwon shawara ya yi rawaya shi ma albumin yake manne wa, sai ceftriaxone ya ture shi ya hau gurbinsa, turarren kuma ya iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Saboda haka idan na ga jariri ɗan kwana uku da idanu rawaya, nakan koma wurin likita mu sauya zuwa wani magani ɗan'uwansa mai suna cefotaxime, wanda abin da ke manne wa albumin daga cikinsa bai kai rabi ba, ko da yake sai an yi ta maimaita shi a rana. Haka nan ba na yarda a haɗa ceftriaxone da ledar ruwa mai ɗauke da sinadarin kalsiyam, domin sukan daskare su zama ƴan tsakuwoyi.