Pro Football Reference: ma'aunin kodineta a NFL, da inda yake tauye mudu

Da zarar an kammala wasannin kaka na gasar NFL a farkon Janairu, sai kasuwar kociyoyi ta ci. A kori wannan, a ɗauko wancan, magoya baya kuma su kaure da musu a kan wanda ya cancanci kujerar kodineta. A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka babban koci yana da manyan mataimaka uku, waɗanda ake kira kodineta: mai tsara farmaki, mai tsara tsaro, da mai kula da rukunin bugun ƙwallo. A kan biyun farko ake tada jijiyar wuya. Shafin da aka fi garzayawa neman hujja shi ne Pro Football Reference, na kamfanin Sports Reference, kuma ya cancanci wannan matsayi. Sai dai teburin da aka fi kwafowa daga cikinsa shi ne mafi saurin ɓatar da mutum.

Shiga kyauta ne, ba a neman rajista. Ka rubuta sunan koci a gurbin bincike, shafinsa ya buɗe da ƙungiyoyin da ya yi wa aiki shekara bi shekara, da muƙamin da ya riƙe, da manyan da ya yi aiki a ƙarƙashinsu. Sannan ga teburin matsayi: na nawa ƙungiyarsa ta zo cikin ƙungiyoyi 32 a yawan yadi (nisan da aka ci gaba da ƙwallo a fili), a yawan maki, a asarar ƙwallo, a wasan gudu da wasan jifa. Cikin minti biyu ka ga tarihin mutum na shekara goma a layi-layi. A wannan fanni ba shi da na biyu cikin shafukan kyauta.

Ɗauki Eric Bieniemy. Ya riƙe kodinetan farmaki na Kansas City Chiefs daga 2018 zuwa 2022. Teburin zai nuna maka Chiefs ta zo ta ɗaya a maki da yadi a 2018, ta sake yin haka a 2022, ga kofin Super Bowl (wasan ƙarshe na gasar) biyu a tsakanin waɗannan shekaru. Wanda ya tsaya nan zai ce magana ta ƙare. Amma babu gurbi ko ɗaya a teburin da ke faɗin wa yake kiran salon wasa a cikin fili, alhali a Kansas City babban koci Andy Reid ne aka sani da wannan aiki, kuma mai jefa ƙwallon Patrick Mahomes ne. A 2023 Bieniemy ya koma Washington Commanders, inda kiran wasan ya shiga hannunsa. Ƙungiyar ta ci wasa 4 ta sha kashi a 13, an kayar da kwatabak (mai jefa ƙwallo) Sam Howell sau 65 kafin ya saki ƙwallo, abokan hamayya sun cafe jifarsa sau 21. Masu sukar Bieniemy su riƙe wannan layi, masu son sa su riƙe layuka biyar na sama, kowa da hujjarsa daga shafi guda. Gaskiyar ita ce shekarun Kansas City sun haɗa aikinsa da na Reid, shekarar Washington kuma ta haɗa aikinsa da matashin kwatabak a kakarsa ta farko ta cikakken wasa. Teburin bai tsefe ko ɗaya ba.

Matsala ta biyu ta fi dabara, wato saɓani tsakanin yadi da maki. Matt Patricia ya riƙe tsaron New England Patriots daga 2012 zuwa 2017. A 2017 tsaronsa ya zo na 29 a yawan yadin da aka ci shi, amma na 5 a ƙarancin makin da aka zura masa. Wanne za a ɗauka? Yadi yana kumbura idan ƙungiyarka tana gaba da rata mai yawa, abokan hamayya suna ta jifa a ƙarshen wasa, kai kuma ka ja baya kana cinye lokaci. Maki kuwa yana raguwa idan farmakinku ba ya yawan zubar da ƙwallo, domin kullum abokin gaba daga nesa yake farawa, kuma wannan alherin kwatabak ɗinsu Tom Brady ne da masu bugun ƙwallo, ba na mai tsara tsaro kaɗai ba. A wasan ƙarshe na wannan kaka, a Fabrairun 2018, Philadelphia Eagles ta zura wa tsaron nan maki 41.

Maganin yana cikin shafin, amma sai an bar shafin koci an shiga shafin ƙungiya na shekarar da ake magana a kai. A can akwai ƙididdigar kowane zagayen farmaki, wato daga karɓar ƙwallo har ta bar hannun ƙungiya: daga wane layi aka saba farawa, yunƙuri nawa ake yi, yadi nawa, maki nawa ake samu a kowane zagaye. Maki a kowane zagaye shi ne lambar da ta fi kusa da adalci, don ba ruwanta da ƙungiya mai sauri ko mai jan ƙafa. Daga nan ka duba yadi a kowane yunƙuri guda, sai kason nasara a yunƙuri na uku (cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi 10), sai kason shigar da ƙwallo gida idan an iso yadi 20 na ƙarshe. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne wuraren da hannun mai kiran wasa ya fi bayyana, ko da yake suna hawa da sauka daga shekara zuwa shekara, don haka kaka ɗaya ba ta isa yanke hukunci ba. Ka buɗe shekarar da ta gabaci zuwan kocin da wadda ta biyo bayan tafiyarsa, ka jera su uku. Kada ka manta gasar ta tashi daga wasa 16 zuwa 17 ga kowace ƙungiya a 2021, saboda haka jimillar kaka ta 2019 ba ta gwaduwa da ta 2022 kai tsaye sai an raba da yawan wasanni.

Akwai kuma lissafin yawan wasan da kowane ɗan wasa ya shiga, tun daga 2012. Shi ke tona ko kodinetan da ake zagi ya yi rabin kaka ne ba tare da manyan masu tare wa kwatabak gaba ba. Ƙididdigar matsa wa kwatabak da ta ƙwallon da masu kamawa suka saki ta fara ne daga 2018.

Inda shafin ya gaza sosai shi ne masu neman hawa kujerar karon farko. Kocin kwatabak ko na masu tsaron baya, wanda shi ake yawan gardama a kansa, ba shi da teburin da zai nuna aikinsa. Sai dai ka bi 'yan wasan da ya horar ɗaya bayan ɗaya ka ga ko sun ci gaba. Haka kuma muƙami ba kullum yake faɗin gaskiya ba. A 2022 Patriots ba ta naɗa kowa kodinetan farmaki ba, amma Patricia ne ya riƙa kiran wasan farmakin. Babu bidiyo ko kaɗan, don haka tsarin tsayuwar 'yan wasa da gyaran da koci ke yi bayan hutun rabin lokaci sai an nemo su a wani wuri.

A waya tebura suna da faɗi, sai an yi ta jan su gefe, tallace-tallace kuma suna cin data. Kan kowane gurbi gajerun haruffa ne na Turanci, bayaninsu ya fi sauƙin gani a kwamfuta. Ana iya kwashe tebur zuwa Excel daga maɓallin da ke samansa. Binciken da ke tace wasanni bisa sharuɗɗa, kamar yunƙuri na uku a zango na huɗu kaɗai, yana ƙarƙashin Stathead, wani sashen bincike na Sports Reference, kuma shi na kuɗi ne. Mai gardamar kodineta sau ɗaya a shekara ba ya buƙatarsa; shafin koci da shafukan ƙungiya uku sun wadatar.